In Na'ura Ta Yi Kira, Wa Zai Zo?

A birnin Yamai, a ƙetaren kogi, cikin unguwar Harobanda, akwai wani saurayi ɗan jami'a wanda watanni kaɗan suka rage masa ya gama karatu. A gida Auta ake ce masa, gama shi ne na ƙarshe a ɗakin uwarsa. A unguwa kuwa Injiniya suke kiransa, ko da yake ba wanda ya ba shi takardar wannan suna tukuna. Bai yi wani abin al'ajabi ba. Amma gidaje da yawa suna da yaro irinsa, wanda aka sha wahala aka kai shi makaranta, yanzu kuma an zuba ido a ga abin da karatun zai haifa. Saboda haka labarinsa ya isa a ji.

Ɗakinsa da kwanakinsa

Su uku ne a ɗaki ɗaya, kowa da katifarsa a ƙasa. Gefen Auta ba shi da wuyar ganewa. Akwai kwali cike da matattun salula, da ƙarfen narka dalma, da ƴar na'urar awon wuta mai igiya biyu, ja da baƙa. Sai kuma tsohuwar kwamfuta wadda batirinta ya mutu tun tuni. In aka ɗauke wuta, ita ma nan take sai ta yi shiru. Wannan ya koya masa ajiye aikinsa a kai a kai, kamar yadda matafiyi ke taɓa aljihunsa a tasha.

Yakan tashi tun da asuba, domin a lokacin ne ɗaki yake da sanyi, kai kuma yake sake. Ya yi karatu har gari ya waye, ya sayi koko da ƙosai a bakin hanya, sa'an nan ya taka zuwa aji. Lissafi yake koyo, da ilimin lantarki, da yadda ake rubuta wa na'ura umarni. In ya komo da la'asar, sau da yawa yakan tarar da mutane suna jiransa a ƙofar gida. Wannan ya kawo rediyo, wancan ya kawo fanka, wata ta kawo salular da ta faɗa cikin ruwan wanki. Ba ya tsawwala kuɗi. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarsu da ke biyansa da fura, shi kuwa bai taɓa cewa ta yi kaɗan ba. Da ɗan abin da yake samu a nan yake biyan rabonsa na kuɗin ɗaki.

Da dare samarin gidan sukan shimfiɗa tabarma a waje, su ɗora shayi a kan gawayi. A wannan fada tasu, duk inda hira ta zaga, wuri ɗaya take komawa: bayan an karɓi takarda, sai me? Wani ya ce bautar ƙasa, daga nan sai jiran aikin gwamnati. Wani ya ce shi Maroko zai nema, ko Dakar, ya ƙaro karatu. Wani ya ce shi dai ko ta wace hanya sai ya fita. Auta ya fi yawan yin shiru yana fifita gawayi, gama shi bai ɗauki kansa mai ikon zaɓe shi kaɗai ba.

Shi ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Tasawa, fiye da kilomita 700 gabas da Yamai. Yana yaro ya taɓa buɗe rediyon ubansa da wuƙa domin ya ga mutanen da ke magana a ciki. Ya sha bulala, rediyon kuma bai sake magana ba. Amma uban nan ne ya sayar da san nomansa sa'ad da yaron ya sami shiga jami'a. Kwamfutar kuwa kuɗin awakin uwarsa ne guda biyu. Duk sa'ad da ya buɗe ta, yakan tuna cewa awakin Inna ne ke haske a gabansa.

Abin da duhu ya koya masa

Ba ɗan Yamai da zai manta da shekarar 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Ba a mayar ba sai a 2024. A cikin watannin nan unguwanni suka riƙa samun wuta bi da bi. Mai ƙanƙara ya yi asara, tela ya koma keken ƙafa, ɗalibai suka riƙa karatu da hasken salula. A ƙarshen shekarar ne tashar hasken rana ta Gorubanda, mai ƙarfin megawat 30, ta fara ba da wuta, aka ɗan sami sauƙi.

Auta ya yi ta tunani a kan wannan. Ga ƙasa wadda rana ta fi kome yawa a cikinta, ga ta kuma tana zaune cikin duhu. Ya kuwa san ba shi ne farkon mai wannan tunani ba. Jami'ar da yake karatu tana ɗauke da sunan Abdu Mumuni tun 1992. An haifi wannan malami a Tasawa a 1929, ya zama masanin kimiyyar lissafi da haske, ya shugabanci ofishin binciken ƙarfin rana na ƙasa daga 1969 har 1985. A can aka ƙera tukwanen girki da na'urorin ɗumama ruwa masu aiki da rana, tun duniya ba ta damu da zancen ba. Ya rasu a 1991. Auta yakan ce a ransa, mutumin garinmu ne, ƙasa ɗaya muka taka.

Daga nan ya ba da ƙarfinsa ga allunan hasken rana, waɗanda mutane ke kira panno. Ya koyi abubuwan da suka ba shi mamaki. Ashe haske panno ke so, zafi kuwa cutarsa yake yi. Ƙarfin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a digiri 25. Duk digiri 10 da ya ƙaru bisa wannan, yakan rasa kusan kashi 4 cikin 100 na ƙarfinsa. A watan Afrilu, sa'ad da iska kanta ta wuce digiri 40, gilashin yakan kai 65 ko fiye. Shi ya sa ake barin sarari a ƙarƙashinsa iska ta ratsa. Ya kuma koyi cewa famfon ruwa mai aiki da rana ba ya bukatar batir. Ruwan ake turawa sama cikin shato da rana, shi ne ajiyar dare.

Da lokacin zaɓen aikin ƙarshe ya zo, wanda kowane ɗalibi zai rubuta ya kare a gaban malamai, sai ya zaɓi famfon. Ya haɗa wata ƴar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, a kan allon Arduino, ya sa mata katin salula. Aikinta shi ne ta lura da famfon rijiyar burtsatse. In rana ta fito amma ruwa bai taso ba, sai ta aika da saƙo. Wata uku yana fama da ita. Daren da saƙon farko ya shigo salularsa, sai da ya tada abokan ɗakinsa daga barci.

Tambayar Inna

A hutun Kirsimati ya sa na'urar cikin jaka ya nufi gida. Mota ta tashi tun kafin asuba, ta bi ta Doso, da Dogondutsi, da Birnin Ƙonni, da Galmi, da Maraɗi. Dare ya yi kafin su shiga Tasawa. Washegari ɗan kabu-kabu ya ratsa yashi da shi zuwa ƙauye. Hazon hunturu ya rufe ko'ina, rana kamar farin faranti.

Abin da ya fara hangowa shi ne shaton garinsu a bisa ƙafafunsa na ƙarfe. Shekarun baya wata ƙungiya ta haƙa musu rijiyar burtsatse, ta kafa panno a cikin shinge, ta ja famfuna zuwa bakin kasuwa. Ranar da aka buɗe ta an yi kiɗa. Yanzu kuwa ba kowa a wurin sai awaki. Ya wuce gaba kaɗan, sai ga mata a tsohuwar rijiya, jaki yana jan igiya yana nisa, ana jiran guga ta fito. Inna tana cikinsu.

Aka ba shi labari. Tun kafin kaka ruwa ya tsaya. Sun kira lambar da aka rubuta a jikin akwatin, ba ta shiga. Waɗanda suka kafa aikin sun gama nasu sun tafi. An tara kuɗin mota aka aika wa wani mai gyara a birni, ya ce yana zuwa, har yau yana zuwa. Waɗansu gidaje sun koma ɗiban ruwan tabki kafin ya ƙafe, yara kuma suka yi ta ciwon ciki.

Da dare bayan tuwo, ya fito da na'urarsa ya nuna wa uwarsa. Ya yi mata bayani da murna, ya ce da wannan tana jikin famfon, da tun ranar da ya tsaya saƙo ya iso. Inna ta juya abin a hannunta, hannun da igiya ta yi wa kanta. Ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Auta, to in ta aiko maka saƙon, kana can Yamai, wa zai zo?"

Ya ce, "Ai za a sani da wuri, Inna."

Ta ce, "Mu ma mun sani da wuri, ɗan nan. Ranar da ruwa ya tsaya, kafin azahar garin nan kaf ya sani. Ba sani ne ya gagare mu ba."

Ta miƙa masa abinsa, ta tashi ta shiga ɗaki. Ba da faɗa ta yi maganar ba. Amma daren nan Auta bai yi barcin kirki ba. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Shi ya hau har jami'a.

Taƙi ɗaya na waya

Da safe ya tafi wurin maigari tare da ubansa. Ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, ina roƙon makullin shingen nan in duba." Maigari ya yi jim. An gargaɗe su kada kowa ya taɓa kayan, kada a ce su suka ɓata. Sai uban ya ce, "Ranka shi daɗe, abin da ya mutu ba ya ƙara mutuwa. In ya ɓata, a kaina." Aka ba da makulli.

Ya fara da panno. Ya ɗora igiyoyin awonsa, ya ga wuta tana zuwa. Ya buɗe akwatin da ke sarrafa famfon, ya tarar ba abin da ya ƙone. Wata ƴar fitila ce kaɗai ke kunne, mai nuna cewa shato ya cika. Shato kuwa ko ɗigo babu. A cikin kowane shato irin wannan akwai wani abu da ke yawo a kan ruwa. In ruwa ya kai baki, sai ya haɗa wayoyi biyu, akwatin ya tsai da famfo domin kada a yi ɓarna. Auta ya bi siririyar igiyar tun daga sama har gindin ƙarfe. A nan ya ga inda ɓera ya cinye robar, wayoyin biyu suka manne da juna. Watanni ke nan akwatin yana jin cewa shato a cike yake.

Ya yanke wurin da bai fi taƙi ɗaya ba, ya haɗa, ya naɗe, ya zura igiyar cikin guntun bututu. Kafin ya miƙe tsaye, famfon ya fara gurnani a ƙarƙashin ƙasa. Yara suka sheƙa cikin gari suna ihu.

Ruwan dai ya zo, amma ba ƙarfi. Ya dubi pannon, sai ya ga ƙura ta yi musu bargo, ga kashin tsuntsaye, ga reshen dogon yaro da ya miƙo ya yi wa guda ɗaya inuwa. Ƙwayoyin da ke cikin panno a jere suke, wuta tana bi ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya. In ɗaya ta shiga inuwa, sai ta tauye sauran, kamar jaki gurgu a cikin ayari. Aka sare reshen. Washegari da sassafe, tun gilashin bai yi zafi ba, aka wanke da ruwa da tsumma mai laushi. Kafin la'asar shato ya cika, wannan karo da gaske.

Mata suka yi guɗa, tsofaffi suka yi ta sa masa albarka. Shi kuwa jikinsa ya yi sanyi. Duk abin da ya kashe bai kai jika guda ba. Saboda taƙi ɗaya na waya uwarsa ta yi watanni a bakin rijiya. Kayan aikin lafiyayyu ne, masu tsada, an kawo su daga nesa. Abin da ba a bari a garin ba shi ne mutum ɗaya wanda ya san ma'anar ƴar fitilar nan, kuma aka yarje masa ya buɗe akwati.

Sauran kwana huɗu na hutunsa a cikin shingen ya yi su. Ya jawo mai gyaran babur na bakin kasuwa, da ɗiyar wansa wadda ta iya karatu. Ya nuna musu fitilun ɗaya ɗaya. Ya ɓata abu da gangan ya ce su nemo. Bakaniken bai yi boko ba, amma hannunsa ya fi na Auta sanin ƙarfe. Shi ne ma ya raɗa wa abin da ke yawo cikin shato suna, ya ce ai wannan gora ce irin ta masunta.

Babin da aka ƙara

Da ya koma Yamai, ya sami malamin da ke duba aikinsa. Ya ce, "Mushe, ina so in ƙara babi ɗaya." Ya ba shi labarin ɓera. Malamin ya yi dariya, sa'an nan ya gaya masa gaskiya. Masu jarrabawa lissafi za su duba, da zanen na'ura, babin nan ba lalle ya ƙara masa maki ba. Amma ya ce ya rubuta.

Auta bai yar da na'urarsa ba, sai dai ya sake mata hanya. Dā saƙon da Faransanci yake zuwa, a salularsa. Yanzu da Hausa zai tafi, a salular bakanike, kuma zai faɗi abin da za a fara dubawa. A nan ya gamu da wata ƴar matsala da ba a koya masa a aji ba. Saƙon salula guda yana ɗaukar harufa 160. Amma in aka sa harafi mai lanƙwasa ko ɗaya ne, irin su ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, sai ya koma 70, waɗansu ƙananan salula ma ba su nuna harafin daidai. Tilas ya zauna yana tace kalmomi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. "Duba igiyar gora." "Wanke panno gobe da safe." "Ruwa ya ja baya a rijiya, a jira."

Babin da ya ƙara kuwa ɗan littafi ne na Hausa mai zane, wanda za a rataye cikin shinge. Ya ce ya fi duk sauran babobin ba shi wuya. A Faransanci yana iya ɓuya a bayan babbar kalma. A Hausa kuwa, abin da bai gane sarai ba, ba ya faɗuwa.

Abin da ya rage

Kada mai karatu ya zaci an gama magana. Wan Auta na biyu yana Abijan, ya kuwa kira shi ya ce ya samo masa wuri a wani shagon gyaran salula, da albashi kowane wata. Ya ce, "Auta, Baba ya tsufa, har yanzu ba a mayar masa da sansa ba. Ka yi tunani." Auta ya ce, "To, Yaya, na ji." Maganar Yaya gaskiya ce. Kuɗin masu tafiya ci-rani su ne suka riƙe gidaje da yawa a ƙasar Tasawa, ba kuwa mai hankalin da zai zage su.

A ɗaya gefen, yana ta lissafi a bayan littafinsa. Babur ɗaya, jakar kayan aiki ɗaya, da ƙauyukan da ke kewaye da nasu, waɗanda da yawansu ke da shato irin wannan. In kowane ya yarda ya ware ɗan abu daga kuɗin ruwan da ake tarawa, shi kuma ya riƙa zagayawa yana dubawa yana koyarwa, ko zai ci abinci da wannan? Lissafin wani dare ya fita, wani dare ya ƙi.

Akwai kuma abin da ba ya faɗa a fada. Yana tsoron bakin mutane. Za a ce ga wanda aka sayar da sa dominsa, ya je Yamai ya yi shekaru, ya komo yana goge gilashi da tsumma. A wurinmu mai ilimi shi ne mai ofis da fanka. Mai ƙera sabon abu ana yaba masa, mai kawo shi ana yi masa kiɗa. Mai riƙe shi da rai shekara da shekaru kuwa, ba a ko san sunansa ba. Shi ya sa garuruwanmu suka cika da famfunan da ba su ba da ruwa, da fitilun da ba su ba da haske, da injunan niƙa da kaji ke ƙwai a cikinsu.

Wannan magana ta shafi iyaye kamar yadda ta shafi ƴaƴa. Uban da ya sha wahala yana da hakkin ya ga amfanin wahalarsa. Amma ya kamata ya tambayi kansa wane irin amfani yake jira, kada kunyar duniya ta sa ya kori ɗansa daga aikin da garin ke bukata. Saurayin da ya yi karatu shi ma yana da hakkin ya nemi abincinsa inda ya ga dama. Amma kafin ya ɗaure kaya, ya dace ya amsa tambayar Inna. In ba shi zai zo ba, to wa ya koya wa?

Auta bai yanke shawara ba tukuna. Abu ɗaya ya ƙudura. Ko Abijan ce ko gida, ba zai tafi ko'ina ba sai ɗan littafin ya rataya a shingen garinsu, an kuma sami mutum biyu a kowane ƙauye na kusa da suka iya karanta fitilun akwati.

Ranar kare aikinsa tana matsowa. Ya riga ya ari riga da takalmi a wurin abokin ɗakinsa. A wani dare na kwanan nan, suna zaune a tabarma ana zuba shayi na biyu, salularsa ta yi ƙara. Ba na'urar ce ta aiko ba. Ɗiyar wansa ce, da salular bakanike. Ta ce, "Baba Auta, mun wanke da safe. Shato ya cika. Inna tana gaishe ka." Ya karanta sau biyu, ya sa salular a aljihu, ya miƙa hannu ya karɓi shayinsa.